Rashin tirjiyar lantarki

Rashin tirjiyar lantarki wani hali ne da waɗansu ƙarafa da haɗe-haɗen sinadarai ke shiga idan an sanyaya su ƙwarai, har wutar lantarki ta riƙa ratsa su ba tare da ko kaɗan daga ƙarfinta ya salwanta ba. Abin da ya shiga wannan hali ana ce masa sufakondakta a littattafan kimiyya. A nan za a kira shi marar tirjiya. Alamominsa biyu ne: tirjiyarsa takan faɗi ta koma sifiri, kuma yakan kori ƙarfin maganaɗisu daga cikin jikinsa. Bincikensa reshe ne na fizik ɗin daskararrun abubuwa, fannin da ke nazarin yadda ƙwayoyin zarra bila adadin suke kasancewa idan sun taru sun zama ƙarfe, ko dutse, ko ruwa.

Tirjiya da sanyi

Duk wanda ya taɓa cajar salula a Yamai cikin watan Afrilu ya ji ta rau da zafi, ya san tirjiya ko da bai san sunanta ba. Wutar lantarki tafiya ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi, ilaktoron, a cikin waya. Hanyar kuwa ba fayau take ba. Ƙwayoyin zarrar tagulla suna karkarwa saboda ɗumi, ga kuma gurɓatattun wurare a jikin ƙarfen, don haka ilaktoron ke ta karo kamar mai ratsa Babbar Kasuwa ana gobe salla. Kowane karo yana cinye ɗan ƙarfi ya mai da shi zafi. Shi ya sa dogon layi, irin wanda ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ba ya isar da duk wutar da aka ɗora masa.

Masu wannan bincike da ma'aunin kelbin suke auna sanyi. Sifirinsa yana digiri 273.15 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, kuma babu sanyin da ya wuce nan. Ranar da zafi ya kai digiri 40 a Tawa, a lissafinsu kelbin 313 ke nan. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan lamba, domin da ita za a gane nisan tafiyar.

Ganowa

A 1908 Heike Kamerlingh Onnes na jami'ar Laidin a Holand ya zama mutum na farko da ya mai da iskar hiliyam ruwa. Da wannan ruwa ya riƙa sanyaya ƙarafa yana auna tirjiyarsu. Ran 8 ga Afrilu 1911, da zaiba ta kai wajen kelbin 4.2, tirjiyarta ta ɓace farat ɗaya. Daga baya an ga haka a darma a kelbin 7.2, da niyobiyam a 9.2. Wani abin mamaki shi ne tagulla da azurfa da zinariya, waɗanda suka fi kowa iya ɗaukar wuta a zafin yau da kullum, ba a taɓa ganin sun shiga wannan hali ba. An yi gwajin sakin wuta a cikin zoben marar tirjiya aka cire batir, wutar ta yi ta kewaya shekaru ba a ga ta ragu ba.

A 1933 a Barlin, Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano alama ta biyu. Idan aka ajiye ƙarfen kusa da maganaɗisu sannan aka sanyaya shi, yana shiga halin sai ya fitar da ƙarfin maganaɗisun waje. Wannan ne ya nuna cewa al'amarin ya wuce a ce waya ce mai kyau ƙwarai: sabon yanayi ne na abu, kamar yadda ƙanƙara ta bambanta da ruwa. Shi ne kuma tushen gwajin nan da ake ganin ɗan maganaɗisu yana reto a iska bisa wani baƙin faifai mai tururin sanyi.

Dalilin abin

Shekara 46 aka yi ana neman dalili. A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer, a jami'ar Ilinoi ta Amurka, suka kawo bayanin da ake kira BCS, daga haruffan farko na sunayensu, wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1972. Ga Bardeen ta biyu ke nan, domin ya samu ta farko a 1956 kan ƙirƙiro taransista, ƴar na'urar da ke sarrafa wutar lantarki a cikin rediyo da salula.

Ilaktoron biyu a al'ada tunkuɗe juna suke yi, tunda cajinsu iri ɗaya ne. Amma a cikin ƙarfe ba su kaɗai ba ne. Idan ɗaya ya wuce, yakan ɗan janyo ƙwayoyin zarrar da ke gefensa, wurin ya ɗan lotsa, sai na biyu ya gangaro cikin lotsawar. Mutum biyu da ke kwance a gadon igiya mai saki, ko ba sa shiri, gadon zai turo su wuri guda. Ta haka ake samun tagwayen ilaktoron. Ɗaurin nasu rarrauna ne matuƙa, ɗumi kaɗan ke tsinka shi, kuma dalilin buƙatar sanyi ke nan.

Zuciyar maganar tana gaba. Dokokin kwantam, wato dokokin da ke mulkin ƙananan ƙwayoyi, sun hana ilaktoron biyu zama a hali guda, amma ba su hana tagwaye ba. Saboda haka duk tagwayen da ke cikin ƙarfen sukan shiga hali ɗaya, su yi tafiya ɗaya, kamar ayarin raƙuma da aka ɗaure akala da akala. Ƙaramin cikas da zai iya karkatar da raƙumi guda ba ya iya karkatar da ayari. Idan cikas ɗin bai kai ƙarfin tsinka tagwaye ba, babu karo, babu zafi, babu tirjiya. A ganina nan ne kyawun wannan fanni yake: dokar da aka saba cewa tana ɓoye can cikin ƙwayar zarra, ga ta ta fito fili a abin da mutum zai iya ɗauka da hantsaki.

A 1962 Brian Josephson, ɗalibi mai shekara 22 a Kambirij ta Ingila, ya lissafa cewa tagwayen za su iya ratsa siririn shinge da ke tsakanin marasa tirjiya biyu, kuma gwaji ya gaskata shi. A 1984 da 1985 John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, a Bakli ta Amurka, suka nuna cewa da'irar lantarki sukutum mai irin wannan mahaɗa tana bin dokokin kwantam kamar ƙwaya guda. Aikin ya samu Nobel a 2025, kuma a kansa aka gina da yawa daga kwamfutocin kwantam da ake gwadawa yanzu.

Maganaɗisu

Kowane ilaktoron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. A baƙin ƙarfe, waɗannan ƙananan maganaɗisai sukan fuskanci gefe guda, ƙarfinsu ya haɗu. Zafi na wargaza jerin: ƙarfen da maƙeri ya gasa ya wuce digiri 770 ba ya manne wa mayen ƙarfe, kuma wannan iyaka sunan Pierre Curie take ɗauke da shi. Louis Néel na Faransa ya bayyana wani jeri dabam, inda kowane ɗaya ke juya wa maƙwabcinsa baya har ƙarfin ya kashe juna.

An daɗe ana ɗaukar maganaɗisu da rashin tirjiya a matsayin kishiyoyi, domin maganaɗisu mai ƙarfi na rusa halin. Amma a 1957 Alexei Abrikosov na Tarayyar Sobiyet ya nuna akwai wani rukuni da ke barin ƙarfin maganaɗisu ya ratsa shi ta ƴan siraran kafofi, sauran jikin ya ci gaba da ɗaukar wuta. Kusan duk amfanin da ake samu a yau daga wannan rukuni yake.

Neman ɗumi

Har zuwa 1986 ba a wuce kelbin 23 ba. A shekarar ne Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM kusa da Zurik ta Suwizalan, suka samu halin a wajen kelbin 35 cikin wani haɗi na lantanam da bariyam da tagulla da iskar oksijin, abu mai kama da tangaran wanda ba wanda ya yi masa zato. Shekara na zagayowa aka ba su Nobel. A farkon 1987 ɗin kuma ƙungiyoyin Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka suka kai kelbin 93 da haɗin itiriyam. Wannan lamba ta ƙetare kelbin 77, inda iskar naitirojin ke zama ruwa. Bambancin babba ne. Hiliyam daga rijiyoyin gas ake tace shi a ƙasashe ƙalilan, ciki har da Amurka da Katar da maƙwabciyarmu Aljeriya, ga shi da tsada. Naitirojin kuwa shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma ruwansa ne likitocin dabbobi ke ajiye irin shanu a ciki.

A 1993 wani haɗi mai zaiba ya kai kelbin 133, wato digiri 140 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a tashar yanayi a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa a Antatika a 1983, bai kai nan ba, balle sanyin hunturun Tawa. A 2008 ƙungiyar Hideo Hosono a Japan ta samu halin a haɗi mai baƙin ƙarfe, abin da ya girgiza tsohon zaton kishiyanci. A 2015 Mikhail Eremets da abokan aikinsa a Jamus suka kai kelbin 203 da haɗin haidirojin da farar wuta, sai dai a ƙarƙashin matsi da ya ninka na iskar duniya sau fiye da miliyan, tsakanin lu'ulu'u biyu. Ba a yin waya da haka.

Wajibi ne a yi hattara da labaran da ke yawo. A Yuli 2023 aka yi ta yayata wani haɗi daga Koriya ta Kudu, LK-99, wai yana aiki a zafin ɗaki. Cikin makonni ɗakunan bincike da dama suka gwada suka ga ba haka ba ne. A fannin nan, sai wasu sun maimaita gwaji sun ga alamomin nan biyu kafin a yarda.

Amfani

Inda aka fi cin moriyarsa shi ne na'urar hoton cikin jiki da asibitocin Nijar ke kira IRM. Maganaɗisunta naɗin wayar niyobiyam da titaniyam ne a cikin ruwan hiliyam, yawanci mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 a ma'aunin maganaɗisu, wanda ya ninka maganaɗisun duniya sau dubbai. Babbar na'urar CERN, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, mai kewayen kilomita 27 a iyakar Faransa da Suwizalan tana da manyan maganaɗisai 1,232 a kelbin 1.9. Jirgin ƙasan gwaji na Japan mai tafiya bisa iska ya kai kilomita 603 a awa a 2015. Wayoyin raba wuta kuwa har yanzu gajeru ne, kamar mai tsawon kilomita ɗaya da aka shimfiɗa a birnin Esin na Jamus a 2014, domin kuɗin sanyaya dogon layi na cinye ribar.

A Nijar

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan masanin fizik, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda ya rayu daga 1929 zuwa 1991 ya kuma ba da ƙarfinsa ga binciken makamashin rana. Faifan hasken rana da ke tashar Malbaza a jihar Tawa tun 2018, da na Gorou Banda kusa da Yamai tun 2023, ƴaƴan wannan fanni ne na daskararrun abubuwa, kamar yadda taransistocin cikin kowace salula suke.

Ɗakin gwajin sanyi yana son kuɗi mai yawa, amma ba duk aikin ke buƙatarsa ba. Har yau masana ba su yi ittifaƙi kan dalilin da ya sa haɗe-haɗen tagulla ke aiki a irin wancan ɗumi ba. An dai lura cewa asalinsu ba sa ɗaukar wuta sam, kuma maganaɗisansu na jere irin jerin da Néel ya bayyana. Sai an ɗan sauya adadin ilaktoron ɗinsu halin ke bayyana. A 1987 Philip Anderson ya ce amsar tana cikin wani lissafi da John Hubbard ya rubuta a 1963, wanda ke shiga layi ɗaya a allo. An warware shi ga ƙwayoyin da ke jere a layi guda tun 1968. Ga waɗanda ke shimfiɗe tsawo da faɗi, kamar yadda tagulla da oksijin suke a waɗannan haɗe-haɗe, masu alƙalami da kwamfuta suna kan aikin.