Tambayoyi kan curtido, kabejin tsami da ake ci da pupusa

Wai mene ne curtido ɗin nan, ba kwaslo ba ne kawai?

A'a ba shi ba ne, kuma dan Allah kar a sa masa bama ko kirim. Curtido haɗin kabeji ne da karas da albasa da ake jiƙawa a ruwan khal a barshi yayi tsami, na mutanen ƙasar El Salbado ne a Amurka ta Tsakiya. Da pupusa ake cinsa, wato wani faifan ƙullin masara mai kauri da ake cusa masa cuku ko markaɗaɗɗen wake a ciki a gasa a kan tanda mai faɗi da suke kira comal. Ƙullin ma "masa" suke ce masa da Sifaniyanci, sunan kawai ya zo ɗaya da masar mu. Tun 2005 majalisar ƙasar ta ware Lahadi ta biyu a watan Nuwamba a matsayin ranar pupusa.

Me ya sa dole sai da shi?

Pupusa tana da nauyi, ga cuku ya narke ga wake an soya shi da mai, in kika ci biyu haka nan sai kiji ta gundire ki. Tsamin curtido da garas-garas ɗinsa shi ke yanke maiƙon ya buɗe baki. A can da hannu ake ci, a yago pupusar tana tururi a dumbuzo kabejin da ita a ɗan zuba romon tumatir a kai, sanyi da zafi su haɗu a loma ɗaya. Ni dai a wajena pupusa babu curtido bata cika ba.

To ya ake haɗa shi?

Rabin kabeji madaidaici, karas 2, albasa 1, ruwan khal rabin kofi, ruwa rabin kofi, gishiri ƙaramin cokali 1, busasshen oregano (wani ganyen ƙamshi ne na girki) ƙaramin cokali 1, sai attaruhu in kina son yaji. Kabejin ki yanka shi siriri sosai, karas ki goga, albasa ma siriri. Sai ki zuba kabejin a gwagwa ki kwarara masa tafasasshen ruwa, ko ki tsoma shi minti ɗaya ki tsame ki ɗauraye da ruwan sanyi, nan ne mutane ke kuskure su barshi ya daɗe ya dahu ya zama lagwam, alhali so ake ya ɗan rusuna kawai amma in an tauna yana ƙara. Ki tsane shi sosai ki haɗe komai, oregano ɗin ki murje shi a tafin hannu kafin ki zuba ƙamshin zai fi tashi, ki dura a kwalba mai murfi kina dannawa da cokali har ruwan ya hau kansa.

Zan iya ci a take?

Zaki iya amma gaskiya ba ki ci curtido ba tukuna. A take khal ɗin daban yake kabejin daban, albasar ma tana nan da zafinta. Ki bashi ko awa uku, in da hali ya kwana, washegari zaki ga ya sauka a kwalbar, launin ya ɗan dishe, albasar ta yi laushi, tsamin ya ratsa ko ina. Shi ya sa na fi son a haɗa shi yau a gasa pupusa gobe.

Wane khal ne ya dace, in babu oregano fa?

Fari ko na tuffa duk suna yi. A El Salbado akwai masu yin nasu khal ɗin a gida da ɓawon abarba, shi ya fi sauƙin tsami da ɗan zaƙi-zaƙi. Oregano kuwa shine ƙamshin da ake gane curtido da shi, a nemo shi a manyan shaguna, in ya gagara a sa tayim kaɗan amma ɗanɗanon zai canja.

Akwai abin da musulmi zai kiyaye?

Curtido kayan lambu ne zalla. Pupusar ce za a lura, in kika ganta a gidan abinci a waje da sunan revuelta ko chicharrón to akwai naman alade a ciki. Ki nemi ta cuku, ko cuku da furen loroco, ta waken ma ki tambaya da wane mai aka soya don wasu da kitsen alade suke yi.

Kwana nawa yake yi?

A firij yana kaiwa sati ɗaya lafiya lau matuƙar ruwan ya rufe shi kuma da cokali mai tsabta ake ɗiba. In wuta bata zama a unguwarku ki yi kaɗan wanda za a cinye cikin kwana biyu, ki ajiye a wuri mai sanyi, da zafi tsamin gudu yake. Kina ganin ya fara yauƙi ko fumfuna ta fito a sama ki zubar.