Ma'anar kalmar "surfaktan", man da ke hana huhu mannewa

Wanda ya taɓa zaman jinyar bakwaini a gidan haihuwa na Issaka Gazobi, nan Yamai, wataƙila ya ji lokotoro yana cewa huhun jinjirin bai nuna ba. Galibi abin da yake nufi shi ne surfaktan bai wadata ba.

Huhu cike yake da ƴan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, kowace da laima a cikinta. Ka duba ledar ruwa da aka shanye, yadda cikinta ke mannewa har sai ka yi da gaske kafin ka buɗe ta. Haka jakunkunan nan za su yi duk lokacin da aka fitar da numfashi, ba don wani maiƙo da ke shafe a bangonsu ba. Maiƙon nan shi ne surfaktan. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa kitse ne, sauran furotin.

Masu haɗa shi wasu ƙwayoyin halitta ne a bangon jakunkunan, ana ce musu nau'i na biyu. Ba sa zubar da shi da zarar sun haɗa. Sai su naɗe shi ƙunshi-ƙunshi, ɓawo kan ɓawo kamar albasar Galmi in an yanka ta, su ajiye suna jiran umarni.

Mai kawo umarnin, kalsiyam ne. Mu dai mun san shi da ƙarfafa ƙashi da haƙori, amma a cikin ƙwaya aikin manzo yake yi. Ƙwayar tana riƙe da kalsiyam ɗan ƙalilan da gangan, wanda ke wajenta ya ninka na cikinta wajen sau 10,000, don haka ko kaɗan ya ƙaru sai ta ji. In mutum ya ja dogon numfashi, bangon jakar ya miƙe, sai kalsiyam ya ɓarko daga rumbunsa na cikin ƙwayar, wani kuma ya shigo ta ƙofofin jikinta. Nan take ƙunsoshin su manne da fatar ƙwayar, su buɗe baki, man ya fito ya bazu. A 1990 masu bincike biyu a Amurka, Wirtz da Dobbs, sun miƙe ƙwayoyin huhun ɓera sau ɗaya tak: kalsiyam ya hau na ƙasa da minti guda, amma man ya yi ta fita har kusan rabin awa. Wannan ya sa nake ganin ajiyar zuciya ba ta mai damuwa kaɗai ba ce, kowa na yin ta bai sani ba, huhu ne ke sabunta shafarsa.

Kada dai wani ya ruga kantin magani sayen ƙwayar kalsiyam da sunan gyaran numfashi. Ƙwayar halitta ita ke tsara nata, abin da ka haɗiya bai canza shi.

Matsalar bakwaini kuwa, ƙunsoshin ne ba su taru ba. Huhun ɗan tayi bai cika wadata da man ba sai wajen mako na 34 ko 35. Masu bincike Mary Ellen Avery da Jere Mead suka tabbatar a 1959 cewa ƙarancin man nan ne ke wahalar da numfashin bakwaini, a 1980 kuma lokotoro Fujiwara na Japan ya ɗura wa jarirai surfaktan da aka samo daga huhun shanu, numfashinsu ya gyaru. Shi ya sa in naƙuda ta zo wa mace lokaci bai yi ba, akan yi mata allurar dekzametazon don huhun ɗan ya yi saurin nuna kafin ya faɗo.