Waiwaye: Yadda Jinyar Tamowa Ta Koma Hannun Iyaye Mata

Duk shekara idan damina ta kankama, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga sauro ya yi yawa, sai layin mata masu goyo ya tsawaita a asibitocin Katsina da Maraɗi da Damagaram. Yaran da ke bayansu masu tamowa ne. Wasu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, wasu ƙafa da fuska sun kumbura, gashin kai ya yi ja. Amma yawancin matan nan ba sa kwana. A auna yaro, a duba shi, a ba uwa abincinsa na mako guda, ta kama hanyar gida. Tsarin nan da ake ganin kamar dama can haka yake, bai cika shekara 30 ba.

A da, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi. Maganinsa madara ce ta musamman, F-75 da F-100, wadda sai an dama ta da ruwa mai tsabta, kuma cikin 'yan sa'o'i take lalacewa. Ba wanda zai ba uwa ita ta tafi ƙauyen da ake shan ruwan tafki. Dole ta tare a asibiti kusan wata guda, ta bar gona a tsakiyar noma, ta bar sauran 'ya'yanta, ta kuma nemi yardar maigida. Shi ya sa kaɗan ne ke zuwa, masu zuwan ma sai yaro ya galabaita. A lokacin an sha ɗora laifin kan jahilcin iyaye, alhali lissafin matar daidai yake: idan ta bi ɗaya, wa zai kula da huɗun da ke gida?

A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka ƙulle a 'yar leda mai giram 92 da ke ɗauke da kalori 500. Shi ne Plumpy'Nut. Tunda babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa a ciki, ba ya bukatar firiji ko murhu, yaro ya yaga ya tsotsa. Ga ƙasar da ta yi dalar gyaɗa, akwai ɗan ciwo a ce daga Faransa aka kawo mata gyaɗa a matsayin magani, amma haka tarihin ya zo. Daga shekarar 2000 wani likita, Steve Collins, ya fara gwada sallamar yaran gida a Habasha, aka bi da Malawi. Ƙa'idar ba ta da wuya: yaron da ya karɓi abincin ya ci, kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, a gida zai warke. Wanda ya ƙi ci, ko yake fama da zazzaɓi mai zafi ko ciwon haƙarƙari, shi ake kwantarwa.

A ƙasar Hausa aka yi babban gwajin. Bayan fari da fara na 2004, kuɗin gero ya yi tashin gwauron zabo a Nijar a 2005, kuma inda abin ya fi muni shi ne Maraɗi, yankin noma, ba hamada ba. Hatsi na kasuwa, kuɗin saye ne babu. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa ana yunwa a ƙasar, amma a shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a gidajen iyayensu, kimanin tara cikin goma suka warke. Ba a taɓa yin jinya mai yawan haka ba, kuma ba don matan karkarar Maraɗi sun riƙe amanar abin da aka ba su ba, da ba a yi ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin a hukumance. Gwamnatin Nijar kuwa ta dakatar da reshen MSF na Faransa a Maraɗi a 2008. Najeriya ta fara nata shirin jinyar gida a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, sannan ya bazu a Arewa.

Saura matsalar gano yaro da wuri. An dogara ga 'yan sa-kai na ƙauye, masu bi gida-gida da zaren awon damtse mai launi uku: ja idan damtsen bai kai milimita 115 ba, ruwan ɗorawa zuwa 125, kore daga nan zuwa sama. Sai dai ɗan sa-kai ɗaya ne ga gidaje da yawa, shi ma yana da gonarsa, kuma ɗan alawus ɗinsa kan tsaya ranar da aikin ƙungiya ya ƙare. A 2011, a Mirya ta yankin Damagaram, ƙungiyar BEFEN ta 'yan Nijar da abokiyar aikinta ALIMA suka gwada miƙa zaren ga iyaye mata da kansu. Da yawansu ba su yi boko ba, amma ba a bukatar karatu kafin a bambanta ja da kore. Awonsu ya zo daidai da na 'yan sa-kai, kuma a babban gwajin da ya biyo baya, yaran da uwayensu suka gano sun fi isowa da wuri, ba a cika kwantar da su ba. Ita uwa tana tare da yaronta kullum, ba sai wata-wata ba. Da korona ta hana taron awo a 2020, ƙasashe da dama sun rungumi wannan dabara, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ma'aikatan lafiya na ƙauye su ma su riƙa yin jinyar, in an horar da su ana kuma sa musu ido.

A gefe guda akwai aikin rigakafi, wanda bai cika samun suna ba. Ƙungiyoyin mata masu shayarwa suna zama a unguwa su tattauna abubuwan da likita ba ya iya gyarawa daga ofis: zubar da dakashi, ba jariri ruwa kafin wata shida, yaye na dare ɗaya idan uwa ta samu ciki, da kunu tsararo da ba abin da yake ƙara wa yaro sai cika ciki. Inda aka jawo kakanni da ungozoma cikin zaman an fi ganin canji, domin amarya ba ta musu da uwar miji. A Borno da Yobe mata na haɗa garin Tom Brown da gero ko dawa da waken suya da gyaɗa don yaran da tamowarsu ba ta yi tsanani ba. A Jigawa shirin Masaki na koya wa mata sarrafa abin da ke gonarsu.

Abin da bai taɓa komawa hannun jama'a ba shi ne ledar abincin nan na gyaɗa kanta. Ana yin ta a Yamai tun 2005, ana yi a Kano da Legas, amma yawancin kuɗin saye daga masu ba da agaji na waje yake fitowa, UNICEF ce ke sayen mafi yawan abin da ake yi a duniya. Katan guda mai leda 150 ne kimanin abin da yaro ɗaya ke bukata. Ana kukan ganin ta a kasuwa, kuma gaskiya ne, akwai masu karkatarwa. Amma uwar da ta ɗan lasa wa yayan mara lafiya, a gidan da ba a ɗora tukunya ba, ba ita ce ɓarauniyar ba. Wasu jihohi, ciki har da Jigawa da Katsina, sun fara zuba kuɗinsu a asusun UNICEF da ke ninka duk abin da jiha ta saka. Sai ga Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, a daidai lokacin da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyuka da dama na Arewa maso Yamma. A watan Yulin shekarar MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida, saboda ba su samu kulawa a kan lokaci ba.