Maƙeri zai iya ƙera bindiga ya kai wa soja su gwada?

Ranar kasuwar Ringim muna zaune a rumfar mai shayi wani dattijon maƙeri ya dube ni ya ce, kai ɗan boko, ni fa da za a ba ni ƙarfe mai kyau sai na ƙera wadda ta fi AK, to wa zan kai wa? Aka yi ta dariya, amma ni tambayar ta tsaya min a rai.

Ita kanta AK ɗin ai ta hanyar gasa ta fito. Bayan yaƙin duniya na biyu sojan Tarayyar Sobiyat suka ce kowa ya kawo samfurinsa, aka yi ta harbi da su, a tsoma a taɓo, a zuba musu yashi, ta Kalashnikov ce ta jure, shi ne a 1949 aka karɓe ta. Amurka ma kwanan nan haka suka yi, kamfanoni uku suka kai zagayen ƙarshe, sojoji suka shafe sama da shekara biyu suna gwaji, a Afrilun 2022 SIG Sauer ya cinye kwangilar ta shekara 10. A can wanda ya faɗi ma yana da inda zai kai ƙorafi, ofishin GAO mai binciken yadda gwamnati ke kashe kuɗi, su kuma kwana 100 doka ta ba su su yanke hukunci.

To mu dawo gida, nan ne fa zancen ya sha bamban. A dokar makamai ta 1959, ƙera bindigar kanta laifi ne, ko haɗa ta, ko gyara ta, in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ba ko masana'antar soja da Shugaban Ƙasa ya amince da ita. Wato tun kafin ka ce ga samfurina ku duba, ka riga ka taka doka a maƙerarka, kuma ɗaurin ba ya yin ƙasa da shekara 10. Rangwamen da aka yi a wajen ƙira na irin bindigar toka ce da ake ɗurawa ta baki, ita ma sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda da yardar gwamna, ba wai sarkin maƙera ya ce je ka yi ba.

Ƙofar dai ita ce DICON ta Kaduna, masana'antar makamai ta gwamnatin tarayya wadda aka kafa tun 1964, ita ta ƙera OBJ-006 mai kama da AK. A Nuwamban 2023 Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarta, aka buɗe hanya 'yan kasuwa su zuba jari a yi haɗin gwiwa, amma fa a ƙarƙashin idon hukuma.

Abin da ni ke damuna shi ne dokar ba da kwangila ta 2007. Ta ce aikin gwamnati a tallata kowa ya shigo tanda, sai sashe na 15, yadda aka rubuta shi a 2007, ya cire kayan tsaro na musamman, sai in Shugaban Ƙasa ne ya amince a bi da su ta nan. Sirri hujja ce, ban musa ba, amma wanda aka kayar bai ma san da wane mudu aka auna shi ba.

Da na gama bayani na ce baba, ka ga sai ta Kaduna. Ya kurɓi shayinsa ya ce to bari ya ƙarasa garmar da aka ba shi, damina ta kusa.