Kafin ka ɗora adda a kan darbejiyar gidanka

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas a ƙarshen bazara, sai ka ga masu adda da tsani sun bazu a unguwannin Kano, daga Nassarawa da Bompai har Hotoro da Rijiyar Zaki. Maigida na tsoron kada iskar farkon damina ta karyo reshe kan kwano ko mota, kuma yana da gaskiya. Abin da ke damuna a matsayina na malamin gona shi ne irin askin da ake yi: a yi wa bishiya ƙwal-kwabo, a bar kututture tsaye a rana, a share sheƙar tsuntsaye tare da ganye a kai bola.

Ita kanta bishiyar tana cutuwa. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, ɓawon da ya saba da inuwa kuwa idan aka yaye masa ganye rana ɗaya sai ya ƙone ya tsage, gara ta samu ƙofa. Tohon da zai biyo baya yana fitowa da yawa, amma ba shi da ƙwari a gindinsa, shi ne zai fi saurin karyewa nan gaba. Kada abin da za ka cire a lokaci guda ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Ka fara da busasshen reshe, da wanda kauci ya kama, da wanda ke gugar bango. Reshe mai nauyi a sa masa zarto, a ɗan yanke shi ta ƙasa tukuna sannan ta sama, don kada ya ɓare ɓawon yayin faɗuwa. Baƙin man da ake shafawa a wurin yankan ba ya maganin komai. Reshen da ya kai ga wayar lantarki kuma ba aikin mai gadi ba ne, a kira ma'aikatan KEDCO.

To, sai maganar masu gidan sama, wato tsuntsaye. Lokacin da muke wannan sara shi ne lokacin da tsuntsaye da yawa ke shirin ƙwai, domin damina ce ke kawo musu ƙwari da tsutsar ciyar da 'ya'ya. Shamuwa ma da ita take isowa ta yi sheƙa, shi ya sa iyayenmu ke duba ta kafin su fitar da iri. Kurciya ita ce aka fi zalunta, don sheƙarta 'yan tsinkaye ne da ta jera a cikin mangwaro ko shingen fulawa, ba ka ganinta sai ka sa ido. Ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kai kamar mako 2, 'ya'yan su yi wani mako 2 kafin su tashi. Wata guda ke nan. Wane reshe ne ba zai iya jiran wata guda ba, in ba wanda ya riga ya tsage ba?

Saboda haka, ranar da za a yi aikin, ka fito da sassafe ka tsaya minti goma a gindin bishiyar. Idan ka ga tsuntsu na shiga wuri ɗaya da tsinke ko tsutsa a baki, akwai sheƙa. Ka nuna wa mai aikin wurin da kanka, kada ka bar sallahu, ka ce ya bar reshen da ganyen da ke yi masa rumfa, don sheƙar da aka tone wa asiri abincin hankaka da kyanwa ce. In ɗan tsuntsu ya faɗo ba gashi, a mayar da shi. Zancen cewa uwar za ta ƙi shi saboda warin hannun mutum ba gaskiya ba ne. Akwai hadisi a Abu Dawud inda Manzon Allah (SAW) ya ga tsuntsuwa na fuffuka saboda sahabbai sun ɗauke 'ya'yanta, ya ba da umarni a mayar mata da su.

Na san wata Hajiya za ta ce, "Malam, kai ba ka share kashin balbela ba ne." Na yarda, garken balbela a kan bishiyar tsakar gida masifa ce, ga wari ga ƙara. Amma a bari 'ya'yan su tashi, sannan a rage rassan da suke zama a kai. Babban aski dai na lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da rana ta yi sauƙi kuma yawancin sheƙuna sun zama kango.

A cikin zafin nan, a ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko marar zurfi a inuwa, inda kyanwa ba ta da maɓoya. A riƙa zubarwa ana sakewa kullum, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya girma a ruwan da ya kwana kamar mako guda. Idan aka tsinci mataccen tsuntsu, musamman a gidan da ake kiwon kaji, kada yara su taɓa shi. A sa leda a hannu a ɗauka a binne, in kuma sun yi yawa a sanar da likitan dabbobi saboda murar tsuntsaye.