Makullin Akwatin Baiko: Waiwaye Kan Kuɗin Ikilisiya da Bayar da Lissafi

Duk lokacin da aka ji wani shugaban coci ya faɗa hannun hukuma saboda kuɗi, maganganu iri biyu ne sukan biyo baya. Wasu su ce addini ya koma kasuwa a wannan zamani, wasu kuma su ce abin da aka ba Allah ba a bin diddiginsa, har su jawo ayar Zabura da ta hana taɓa shafaffu na Ubangiji. Tarihi bai tsaya wa kowanne daga cikinsu ba. Rigimar ta girmi zamanin nan da dubban shekaru, kuma ƙa'idar da ta hana mai wa'azi riƙe makullin akwati shi kaɗai daga cikin gida ta fito, tun kafin wata gwamnati ta sa baki.

A Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 12, an ba da labarin yadda Sarki Yowash ya umarci firistoci su gyara Haikali da kuɗin da jama'a suke kawowa, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa babu gyaran da aka yi. Maganin da aka samo shi ne akwati, wanda firist Yehoyada ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade. Idan kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist sukan zo tare su ƙidaya, su ɗaure a jakunkuna, sannan a miƙa wa masu kula da aikin. Wannan sura ta kuma faɗi cewa ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu, kuma masu ƙin bincike suna son wannan aya ƙwarai. Sai dai sukan tsallake abin da ya gabace ta, wato cewa an riga an ƙirga kuɗin a gaban mutum biyu daga ɓangarori biyu kafin ya kai hannun amintattun.

Manzo Bulus ya fi kowa taka-tsantsan a wannan fanni. Da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya gaya wa Korantiyawa su zaɓi mutanen da suka amince da su su kai kuɗin, kuma a wasiƙarsa ta biyu ya ambaci wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka naɗa ya yi tafiyar tare da su. Dalilin da ya bayar shi ne kada wani ya sami abin zargi, domin yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. A Ayyukan Manzanni ma, gunaguni kan rabon abincin gwauraye ne ya sa manzanni suka janye hannunsu daga rabon, aka zaɓi mutum 7 suka ɗauki nauyinsa.

Da filaye da gine-ginen ikilisiya suka yawaita tun daga ƙarni na 4, sai aka mai da wannan al'ada doka. Majalisar Kalsidon, babban taron bishop-bishop na shekarar 451, ta wajabta wa kowace ikilisiya mai bishop ta naɗa ma'aji daga cikin limamanta, ta kuma bayyana manufar a fili: kada a tafiyar da dukiyar ikilisiya ba tare da shaidu ba. A 494 Paparoma Gelasiyus ya tabbatar da raba kuɗin shiga kashi huɗu, na bishop, na limamai, na matalauta, da na gyaran gine-gine. Dokoki ne masu kyau a takarda, amma ƙarnonin da suka biyo baya cike suke da ƙorafin sayar da muƙaman ikilisiya, laifin da aka laƙaba wa sunan Siman mai sihiri, wanda ya nemi sayen baiwar Ruhu da kuɗi a hannun Bitrus.

Abin da ya faru a Jamus a 1517 ya cancanci a duba shi da kyau, domin sau da yawa ana ba da labarinsa kamar saɓanin tauhidi ne zalla. Albrecht, wanda ya zama babban bishop na Mainz a 1514 alhali yana riƙe da wasu kujerun, ya ci bashi mai nauyi daga gidan attajiran Fugger domin biyan abin da Roma ta nema. Aka ba shi izinin sayar da takardun sassaucin horon zunubi a yankinsa, aka gaya wa jama'a cewa kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma, alhali an shirya rabinsa ya tafi biyan bashin. Talakan da ya jefa tsabarsa a akwatin Johann Tetzel, mai yawon sayar da takardun, bai san da wannan yarjejeniya ba. A cikin batutuwa 95 da Martin Luther ya rubuta a 1517 domin ƙalubalantar wannan ciniki, akwai wanda ya maimaita tambayar da talakawa suke yi, cewa me ya hana Paparoma, mai dukiya haka, ya gina majami'ar da kuɗinsa. Shekara 6 bayan haka, a garin Leisnig, aka tsara asusun ikilisiya da amincewar Luther: akwati ɗaya mai kwaɗo huɗu, makullan a hannun mutane daban-daban, amintattu 10 da ake zaɓa kowace shekara daga masu sarauta da 'yan majalisar gari da talakawan gari da manoma, da lissafin da ake karantawa a gaban jama'a. Ɗariƙar Katolika ma ta yi gyaran nata. Majalisar Trent ta soke muƙamin masu yawon karɓar irin wannan kuɗi a 1562, ta kuma umarci masu kula da dukiyar majami'u su riƙa ba bishop lissafi duk shekara.

A nan akwai wani bambanci da yakan ɓace wa mutane. Lissafin da ake kai wa na sama daban yake da wanda ake karanta wa masu bayarwa, kuma na biyun ya daɗe kafin ya sami gindin zama. A kundin dokokin Katolika na 1983 an rubuta cewa masu kula da dukiya su ba masu bi bayani kan abin da suka bayar, an kuma wajabta kwamitin kuɗi a kowace ikilisiya.

Ƙarni na 20 ya zo da wani sabon abu, wato mai wa'azin da ba shi da bishop a sama, ba shi da dattawan da za su iya tsige shi, amma rediyo da talabijin suna kawo masa kuɗi daga mutanen da bai taɓa gani ba. Billy Graham ya hango hatsarin da wuri, shi ya sa a 1948, a garin Modesto na Amurka, shi da abokan aikinsa suka ɗauki alkawura da suka haɗa da rage matsa wa jama'a kan baiko, daga baya kuma ya koma karɓar albashi tsayayye. A 1979 aka kafa ƙungiyar ECFA domin ƙungiyoyin bishara su riƙa binciken junansu kafin majalisar dokoki ta yi musu doka. Shiga ƙungiyar na ganin dama ne, kuma wannan shi ne rauninta. Jim Bakker, mai wa'azi a shirin talabijin na PTL, ya sayar wa masu kallonsa alkawarin masauki a otal ɗin ma'aikatarsa na kwana uku a kowace shekara har ƙarshen rayuwa a kan dala 1,000, ya sayar wa mutanen da suka ninka abin da ɗakunan za su iya ɗauka. A 1989 kotu ta same shi da laifuka 24 ta yanke masa shekara 45, ko da yake an rage daga baya, ya fito a 1994. Duk da haka, har yau dokar Amurka ba ta tilasta wa coci cika takardar bayanin kuɗi ta shekara da sauran ƙungiyoyin agaji suke cikawa ba. Sanata Chuck Grassley ya nemi bayanai daga manyan ma'aikatun wa'azi 6 a 2007, biyu kawai suka ba da cikakken haɗin kai, aka rufe binciken a 2011 ba a hukunta kowa ba.

Samun shugabanni hawa-hawa bai kare Roma daga irin wannan ba. Rushewar bankin Ambrosiano na Italiya a 1982 ta jawo bankin Vatikan cikin abin kunya, har ya biya masu bin bashi sama da dala miliyan 240 a 1984 ba tare da amsa laifi ba, kuma sai a 2013 bankin, wanda aka kafa tun 1942, ya fara wallafa rahotonsa na shekara. A 2013 ɗin ne kuma aka gano cewa ginin gidan bishop na Limburg a Jamus ya ci kusan yuro miliyan 31. Bishop ɗin ya sauka a 2014, kuma fushin masu biyan harajin coci, wanda ake karɓa daga mabiya a Jamus, ya sa dayosis da dama suka fara bayyana dukiyarsu, ciki har da Kolon, wadda ta sanar a 2015 cewa tana da kadarorin da suka haura yuro biliyan 3. A Disambar 2023 kotun Vatikan ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu ɗaurin shekara biyar da rabi a shari'ar da ta shafi sayen wani gini a Landan, shi kuma ya musanta laifin ya ɗaukaka ƙara. A ganina, abin lura a waɗannan duka shi ne cewa kusan kowane littafin lissafi da aka buɗe, abin kunya ne ya buɗe shi, alhali dokar da ta ce a buɗe tana nan a rubuce tuntuni.

Ƙullin da ya fi wuyar kwancewa yana wajen masu bayarwa kansu, domin wanda ya tambayi inda baiko ya tafi yakan gamu da fushin 'yan'uwansa kafin na fasto. Shari'ar cocin City Harvest a Singafo ta nuna haka ƙarara. A 2015 kotu ta sami Fasto Kong Hee da wasu shugabanni 5 da laifin karkatar da kimanin dalar Singafo miliyan 50. Kusan rabin kuɗin an ɗebe shi ne daga asusun gini, aka zuba a harkar waƙar matarsa ta hanyar takardun saka jari na ƙarya, sauran kuma aka juya shi domin rufe giɓin daga idon masu binciken kuɗi. Shugabannin sun dage cewa waƙar hanyar bishara ce, kuma dubban 'yan cocin sun tsaya a bayansu har ƙarshen shari'ar. An yanke wa Kong shekara 8, aka rage zuwa uku da rabi a 2017. Tun a 2003 wani ɗan cocin ya yi zargin cewa ana kashe kuɗin gini a kan waƙar, amma sai ya janye maganarsa, ya buga neman gafara a jaridu, shekara 12 kafin kotu ta yanke hukuncinta.