Girgizar Ƙasa a Dokar NEMA: Abin da Ya Shafi Mutumin Kebbi

Ranar 15 ga Janairun 2022, wani dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashin teku ya fashe a ƙasar Tonga, wasu tsibirai da ke tekun Pasifik. Narkakken dutse ne ya yunƙuro daga cikin ƙasa yana farfasa duwatsun da ke samansa, ƙasa ta girgiza, teku ya yi toroƙo ya afka wa gidajen bakin gaɓa. Wayar intanet da ke kwance a ƙasan ruwa ta tsinke, mutanen ƙasar suka shafe sama da wata guda ba su jin duriyar 'yan uwansu na waje yadda suka saba.

Mai kamun kifi a Argungu zai ce ina ruwansa, teku na can nesa. Gaskiya ne. Amma a 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna, a 2018 kuma a Mpape ta Abuja, har mutane suka fice daga ɗakunansu a firgice.

Dokar 1999 da ta kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta ambaci girgizar ƙasa da sunanta, a jeri ɗaya da ambaliya, fari, guguwa da annoba. Ma'ana, wanda katangarsa ta tsage sakamakon girgiza yana cikin waɗanda hukumar ke da alhakin kai wa ɗauki, daidai da manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa a fadama a daminar 2020. Mataimakin shugaban ƙasa ne ke jagorantar majalisar hukumar.

Wurin da na fi so a lura shi ne nauyin da dokar ta ɗora wa jihohi. Ta ce kowace jiha ta kasance da kwamitin agajin gaggawa, kuma aikinsa ne ya sanar da NEMA duk bala'in da ya auku, ya kai agaji, ya kuma yi bayanin kuɗin da ya karɓa. To kwamitin nan ba duba yake yi ba, sai an gaya masa. In ka ji kwanukan jere na kaɗawa, ko ka ga tsaga ta fito a bango dare ɗaya, fitar da iyali fili tukuna. Daga nan ka sanar da mai unguwa ko hakimi, a kai maganar ƙaramar hukuma da SEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta jiha, a Birnin Kebbi, a rubuce, da rana da lokaci. Ka ɗauki hoton tsagar da wayarka kafin a yaɓe ta.